Babu wanda ya gan shi, don me aka kai shi kotu? Tambayoyi da amsoshi kan shaidar alamu a Legas

Duk wanda ya taɓa tsayuwa a ƙofar caji ofis a Agege ko Mile 12 da kular abinci a hannu, yana jiran a bar shi ya ga ɗan uwansa, ya san maganar da ake ta nanatawa: "Ai babu wanda ya gan shi." Na daɗe ina raka mutanenmu irin waɗannan wurare ina yi musu tafinta, kuma tambayoyin nan su ne suka fi dawowa. Kowace shari'a da tata fuskar, don haka karanta wannan ba zai ɗauke maka neman lauya ba.

Mece ce shaidar alamu?

Hanyoyi uku kotunan Najeriya suka sani na tabbatar da laifi. Akwai ganau, wanda abin ya faru a kan idonsa. Akwai mai laifin da ya amsa da bakinsa. Sai ta ukun, alamun da ke kewaye da abin, waɗanda in aka jera su sai su nuna mutum. A ce an kwashe shago a Alaba Rago cikin dare. Ba a fasa kwado ba, da makulli aka buɗe. Makullan biyu ne, ɗaya a hannun mai shago, ɗaya a hannun yaronsa. Da asuba yaron ya hau motar Arewa bai yi wa kowa sallama ba, bayan kwana biyu kuma aka ga katan uku na kayan a ɗakin abokinsa. Babu wanda ya ga hannunsa a kan kwadon, amma ga inda maganar ta karkata.

Malamanmu suna kiran wannan ƙarina, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, babu wanda ya ga abin da ya faru bayan an kulle ƙofofi. Rigar da ta yage ta baya ce ta raba gardama. Sai dai a tuna riguna biyu ne a farkon ƙissar: akwai wadda 'yan uwansa suka shafa wa jinin ƙarya suka kai wa mahaifinsu. Alama tana fitar da gaskiya, ana kuma iya ƙirƙirar ta. Dokar shaidar alamu duk a tsakanin rigunan nan biyu take yawo.

To ana iya tuhumar mutum ba tare da ko shaida ɗaya da ya gan shi ba?

Ana iyawa, har ma a ɗaure shi. Ɓarawo ba ya gayyatar 'yan kallo, kuma da doka za ta dage sai da ganau, da mafi yawan masu kisa da fashi sun sha. Laifin haɗa baki ma kusan kullum da alamu ake tabbatar da shi, tunda babu mai rubuta yarjejeniyar sata ya sa hannu. Saboda haka "babu wanda ya gan ni" ba kariya ba ce. Abin tambaya shi ne ko alamun sun kai, kuma sun kai ga mene. Amsa ta gaba ta yi bayanin wannan.

Hujjar da ta isa a gurfanar da mutum ita ce ta isa a ɗaure shi?

A'a, mudu biyu ne, kuma a nan mutanenmu suka fi ruɗewa. Mudun farko na shigar da ƙara ne. Abin da ake dubawa kawai shi ne: in aka ɗauki abin da ke cikin fayil a matsayin gaskiya, wanda ake zargi kuma bai ce uffan ba, shin akwai abin da ya haɗa shi da laifin har ya kamata ya zo ya yi bayani? Mudu na biyu na yanke hukunci ne, kuma ya fi na farko girma nesa ba kusa ba. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifi har ya zama babu sauran shakka mai ma'ana. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar.

Shari'ar da lauyoyi suka fi kawowa a nan ita ce ta Mai Shari'a Donald Ikomi, alƙalin babbar kotu a tsohuwar jihar Bendel. An tsinci gawar ɗan sandan da ke gadinsa a harabar gidansa a Benin, babu wanda ya ga kisan. Ya nemi a soke tuhumar tun kafin a fara sauraro. A 1986 Kotun Ƙoli ta ƙi, ta ce alamun sun isa a shiga shari'a, duk da ta jaddada cewa ba a jefa ɗan ƙasa cikin wahalar shari'a a kan zato kawai. Da aka zauna shari'ar, sai kotu ta wanke shi. Ka ga mudun farko ya cika, na biyu bai cika ba, kuma babu saɓani tsakanin hukuncin biyu.

A Legas wa ke yanke cewa alamun sun isa a kai mutum gaban alƙali?

A Amurka wasu zaɓaɓɓun mutanen gari ne ke zama su duba ko a tuhumi mutum. A nan babu wannan. Ƙananan laifuka 'yan sanda ne ke kai su kotun majistare kai tsaye. Manya kuwa, irin kisa da fashi da makami, majistare ba shi da hurumin sauraronsu. Abin da zai yi shi ne ya ba da umarnin a ajiye mutum a gidan yari, Ikoyi ko Kirikiri, a kuma tura kwafin fayil zuwa ofishin daraktan gabatar da ƙararraki na jiha, wanda kowa ke kira DPP, a ma'aikatar shari'a da ke Alausa. Lauyoyin can ne za su karanta su ba da shawara: ko a kai shi babbar kotu, ko a sauya tuhumar zuwa ƙarama, ko a sake shi don babu abin da zai amsa.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Legas ta ce umarnin ajiyar kada ya wuce kwana 30 a karon farko, sai in an kawo dalilin ƙari. Wannan a takarda ke nan. A zahiri na ga inda aka yi watanni ana cewa "ana jiran shawarar DPP", da aka bincika ashe fayil ɗin bai ma bar teburin ɗan sanda mai bincike ba. Abu na farko da dangi za su sa lauya ya tabbatar shi ne an tura fayil, ranar da aka tura, da lambar da aka karɓe shi da ita. Lauya yana kuma iya rubuta wa DPP ya nuna masa giɓin da ke cikin alamun tun kafin shawarar ta fito. A ganina wannan ne lokacin da kuɗin lauya ya fi yin amfani, amma shi ne lokacin da mutanenmu suka fi kashe kuɗi a wurin masu cewa "na san wani".

Kowa a unguwa ya yi ittifaƙi shi ne. Zato mai ƙarfi ba hujja ba ne?

Mu ma muna cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya, kotunan Najeriya kuma sun daɗe suna maimaita cewa zato, komai ƙarfinsa, ba ya zama hujja. Cewa mutum ya taɓa sata, ko an gan shi yana shan shayi da ɓarayi, ko ba a son fuskarsa, duk ba su haɗa shi da laifin da ake magana a kai ba. "Abokin ɓarawo ɓarawo ne" karin magana ne, ba sashen doka ba.

Misalin da ya faru a garin nan shi ne na Mohammed Abacha. Gwamnatin Legas ta sa sunansa cikin waɗanda ta tuhuma kan kisan Kudirat Abiola, wadda aka harbe a Legas ranar 4 ga Yuni, 1996. A Yulin 2002 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar, ta soke tuhumar, ta ce abin da aka tara a takardun bai haɗa shi da laifin ba. Ko alƙalan ma ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba, wanda ke nuna maka cewa iyakar da ke tsakanin zato da alama ba layi ne da aka ja da alli ba.

Ashe ke nan lauyanmu zai iya sa a soke tuhumar kafin a fara shari'a?

Yanzu da wuya a Legas. Dokar jihar ta hana a tayar da maganar rashin isar hujja kafin mai gabatar da ƙara ya gama kawo shaidunsa. Ƙofar da ta rage ita ce bayan ya rufe: lauyanku ya roƙi kotu ta sallami wanda ake tuhuma saboda babu abin da zai amsa. Alƙali zai duba ko akwai wani ginshiƙin laifin da ba a kawo shaida a kansa ba sam, ko kuwa tambayoyin lauya sun ragargaza shaidun har babu kotun da za ta dogara da su. In roƙon ya karɓu, mutum ya tafi gida ba tare da ya buɗe baki ba. In bai karɓu ba, ba a ce ya yi laifi ba, an dai ce ya zo ya kare kansa. Mudun farko ne har yanzu, kamar yadda aka bayyana a sama.

Yaya alamun za su kasance kafin alƙali ya ɗaure mutum da su?

Ma'aunin da Kotun Ƙoli ta kafa, wanda ake yawan jinginawa ga shari'ar Lori ta 1980, shi ne alamun su zama masu ƙarfi, cikakku, marasa harshen damo, su nuna wanda ake tuhuma shi kaɗai, kada su bar wata fassara mai ma'ana da za ta wanke shi. Wani alƙalin Ingila tun a 1866 ya kwatanta su da igiya mai zare da yawa: zare ɗaya ba zai ɗauki kaya ba, amma in aka tufka uku sai su ɗauka. Aikin lauyan kariya shi ne ya warware tufkar ya nuna kowane zare ruɓaɓɓe ne, ko kuma igiyar tana iya ɗaure wani daban.

Ɗauki maigadi, don shi ne ya fi shiga wannan tarko. An shiga gida a Lekki cikin dare, an kwashe kaya, ƙofar waje ba a fasa ta ba. Da safe shi za a fara ɗauka. Amma damar aikata laifi daban, aikatawa daban. Wa kuma ke da makulli? Akwai direba, akwai mai aikin gida, akwai wanda ya zo gyaran janareta a makon? Katangar baya tana da wayar tsaro ko ta lalace? In ɓarayin sun ɗaure shi, ƙurjewar igiya da ke wuyan hannunsa, an ɗauki hotonta kafin ta warke? In mutum biyar ne ke iya buɗe ƙofar kuma babu abin da ya ware shi daga cikinsu, alamar ba ta nuna shi shi kaɗai ba. In kuwa aka ga ya kira wata lamba sau shida tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na dare, aka kama mai lambar da talabijin ɗin gidan, to igiya ta fara tufkuwa.

An kama ni da wayar da na saya hannu, ashe ta sata ce. Ina matsayina?

Nan doka ta ba alama ƙarfi na musamman. Sashe na 167 na Dokar Shaida ya ba kotu damar ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar, ko shi ne ɓarawon, ko ya karɓa yana sane, sai fa in ya yi bayanin yadda kayan suka zo hannunsa. Kalmar "jim kaɗan" tana da nauyi. Wayar da aka ƙwace jiya aka same ta a aljihunka yau ba ɗaya take da wadda ta yi shekara tana sauya hannu ba. Farashi ma shaida ne. Wanda ya sayi wayar dubu ɗari uku a kan dubu arba'in a ƙarƙashin gadar Ikeja zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali cewa bai ji wari ba.

Babban haɗarin shi ne ba ka san ta yadda aka rabu da mai wayar ba. In da bindiga aka ƙwace ta, ko an kashe mai ita, tuhumar da za a fara rubuta maka ba ta karɓar kayan sata ba ce, ta fashi ce ko kisa, kuma ka shiga layin jiran DPP da aka yi bayani a sama. Ba a neman ka tabbatar da bayaninka kamar yadda ake neman gwamnati ta tabbatar da nata, ya isa ya zama mai yiwuwa ne a hankalce. Amma "wani yaro ne ya sayar mini" ba bayani ba ne. Rasit mai lambar jikin wayar, lambar shago a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, shaidar tura kuɗi ta banki, wanda ya raka ka: waɗannan ne ke fitar da mutum. Haka abin yake ga babur, da kayan gwangwan, da shanun da aka sauke a Oko-Oba.

An ce ni ne na ƙarshe da aka gani da mamacin. Shi ke nan na shiga?

Ba shi ke nan ba, amma ka shiga wurin da shiru ba zai yi maka amfani ba. Kotunan Najeriya suna aiki da ƙa'idar cewa wanda aka gani na ƙarshe tare da mutum yana raye, aka kuma tsinci gawarsa, shi ne ya kamata ya faɗi inda suka rabu da yadda suka rabu. Ƙarfin wannan yana ga tazarar lokaci. In an gan ku tare da magariba aka tsinci gawa da isha, alamar tana da nauyi. In kwana huɗu ne tsakani, a gari irin Ikko, mutane nawa ne za su iya haɗuwa da shi? Direban da ya taso daga Kano da yaron mota ya iso babu shi, ko ɗan acaɓan da ya ɗauki fasinja, su ne wannan ta fi shafa. Duba amsar da ke kan bayani a caji ofis.

In ba a ga gawa ba, ko ba a samu makamin ba fa?

Ba dole ba ne. Kotun Ƙoli ta sha tabbatar da hukuncin kisa ba tare da gawa ba, in alamu sun nuna babu shakka mutumin ya mutu kuma wanda ake tuhuma ne sanadi. Rashin kawo wuƙa ko bindiga ma ba ya rusa shari'a shi kaɗai.

Ya gudu gida da ya ji ana nemansa. Wannan bai nuna shi ne ba?

Mutane za su ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kotu ba ta tafi a kan haka kai tsaye ba, don ta san marar laifi ma yana gudu saboda tsoro. Duk wanda ya ga yadda ake kwasar jama'a a kasuwa bayan rikici ya san dalilin da zai sa bawan Allah ya nufi tasha. Haka ƙarya: wanda ya yi ƙarya don firgita bai zama mai kisa ba. Sai dai gudu da kashe waya da sauya layi zare ne da ake ƙarawa a igiya, kuma yana ɓata maganar beli. Shawarata ga iyaye da sarakunan Hausawa na unguwanni, in yaro ya tsere, a dawo da shi tare da lauya ya fi a bari a je a ɗauko shi da ankwa.

Bayanan kiran waya, kyamara da tura kuɗi, su ma alamu ne?

Su ne ma alamun zamanin nan. A kisan Cynthia Osokogu a wani otal a Festac a 2012, hoton kyamarar otal da bayanan kira ne suka kai 'yan sanda ga waɗanda aka kama, kuma a Maris 2017 babbar kotun Legas ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. A 2017 ɗin ne kuma jihar ta buɗe cibiyar gwajin ƙwayoyin halitta a tsibirin Legas.

Amma na'ura tana nuna layi ne da asusu, ba ta nuna hannun da ya riƙe waya. Layin da aka yi wa rajista da lambarka ta ɗan ƙasa ka ba ƙaninka, da asusun bankin da ka ara wa wani "a turo masa saƙo", duk sunanka za su fito da shi. 'Yan canji da masu POS su fi kowa kiyaye wannan, su riƙa rubuta wanda ya kawo kuɗi da wanda ya karɓa. Ta fuskar kariya kuma, sashe na 84 na Dokar Shaida ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi abin da aka ciro daga kwamfuta, har da takardar shaidar yadda aka ciro shi, kuma lauya mai lura yana fara dubawa daga nan.

A caji ofis in yi shiru ne ko in yi bayani?

Tsarin mulki, sashe na 35(2), ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya. Yi amfani da ita, amma don ka jira lauya, ba don ka rufe baki har abada ba. In kariyarka ita ce ba ka wurin, dole ka faɗe ta tun a bayaninka na farko, dalla-dalla: ina kake, ƙarfe nawa, da wa. "Ina wajen aiki" bai isa ba. "Ina sauke albasa a Mile 12 daga asuba zuwa azahar, ga sunan dillali, ga lambar motar" shi ne ke ɗora wa 'yan sanda nauyin zuwa su bincika, in ba su je ba kuma lauyanka ya samu abin riƙewa. Wanda ya ɓoye wannan sai a kotu ya fito da shi, alƙali zai ɗauka daga baya ya shirya.

Sai maganar harshe, wadda ta fi ci mini rai. Na taɓa tarar da wani dattijo mai sayar da goro an riga an rubuta masa bayani da Turanci ya dangwala. Tambayarsa aka yi ko ya san wani yaro, ya ce, "Na san shi, ɗan garinmu ne, yakan kwana a rumfarmu." Da na karanta masa abin da ke takardar, sai ga shi an rubuta cewa tare suke aiki kuma shi ke ba shi masauki. Ya dafe kai yana salati, yana cewa, "Ɗana, wallahi ban faɗi haka ba." Babu wanda ya doke shi, Hausar mai fassarar ce ta kasuwa. Kada ka sa hannu ko ka dangwala a kan abin da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba. Dokar Legas, sashe na 9(3), ta ce bayanin amsa laifi a ɗauke shi a bidiyo ko a gaban lauya, kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta ce bin wannan wajibi ne. In ta bakin tafinta aka ɗauki bayani, sai an kira tafintan ya ba da shaida. A kotu kuma tafinta haƙƙinka ne, kyauta.

Tunda alamu ne kawai, za a ba da beli? Kuma in ba mu da kuɗin lauya fa?

Nauyin tuhumar ne ke fara magana. A laifin da hukuncinsa kisa ne, babbar kotu ce kaɗai ke iya ba da beli, kuma sai da dalili na musamman. A sauran laifuka raunin hujja yana cikin abin da alƙali ke dubawa, tare da ko mutum yana da tsayayyen adireshi da masu tsaya masa. Wannan na ƙarshen ne ke kayar da mutanenmu da yawa, masu kwana a kasuwa ko a masallaci. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin lauyoyin gwamnatin Legas masu kare talaka, wanda ake kira OPD, ko hukumar ba da agajin lauya ta tarayya. Ba a biyan kuɗin lauya a wurarensu.

An riga an yanke hukunci da alamun da muke ganin ba su kai ba. Akwai sauran hanya?

Akwai ɗaukaka ƙara, kuma daga babbar kotu kwana 90 ne wa'adin shigar da ita, in ya wuce sai an roƙi ƙarin lokaci da dalili. Kotun sama ba ta cika taɓa abin da alƙalin farko ya gani da idonsa na yanayin shaidu ba, amma shari'ar alamu ta fi buɗe mata ƙofa, domin tambayar ita ce ko abin da aka ciro daga alamun ya bi hankali, wannan kuwa ana iya auna shi daga takarda. Ko hukuncin da aka gina a kan bakin shaidu ma yana rushewa: a Janairun 2012 babbar kotun Legas ta yanke wa Manjo Hamza Al-Mustapha hukuncin kisa, a Yulin 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi. Abin da za ku fara nema ranar da aka yanke hukunci shi ne kwafin hukuncin mai hatimin kotu, don da shi lauya zai zauna ya fitar da dalilan ɗaukaka ƙarar.